Sanda Biyu, Ɗaya ta Baba

Freiburg, Jamus
Lahadi

Zuwa ga Babana, Malam Abdulsalam, Ƙofar Ran.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Hajja da ɗawainiya? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya ƙalau, aikin jinya sai godiya.

Tunda ka ƙi karɓar waya saboda nauyin da harshenka ya yi, na ce bari in biyo ka ta hanyarka. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu da ƙafa a cikin Bauchi ai ba zai ƙi buɗe tawa ba.

Jiya Jemima, abokiyar aikina 'yar Yalwan Bauchi, ta ja ni yawon daji. Haka suke yi a nan. Ranar hutu mutum ya hau jirgin ƙasa, ya sauka a wani ƙauye, ya kama tafiya. Ba kasuwa za shi ba, ba gaisuwar mutuwa ba, tafiyar ce kawai. Da farko na ce wannan neman wahala ne da gangan. Muka ratsa gonakin inabi, muka shiga dajin da bishiyoyinsa suka rufe sama. Shanunsu ƙiba kamar ba su taɓa ganin rani ba, wasu da ƙararrawa a wuya. Da muka hau kan tudu na hango ƙauyen can ƙasa da jajayen rufinsa, sai kewarka ta kama ni har na kasa cin burodin da muka zo da shi. Na tuna yadda nake binka kasuwar Muda Lawal ina ƙarama, kana gaba da dogon takunka, ina baya ina mita.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Hajja ta ce tun da ɓarin jikinka ya shanye likita ke cewa ka riƙa takawa, in ba haka ba ƙafar za ta mutu gaba ɗaya. Kai kuma ka ce ba za a gan ka da sanda a Ƙofar Ran ba. Baba, nan sanda biyu suke riƙewa! Ƙarti majiya ƙarfi, 'yan mata, kusan kowa. Wata tsohuwa da ta girme ka ta wuce ni a hawan tudu da nata sandunan, har ta juyo ta gaishe ni ina haki. Ba wanda ya kalle ta da tausayi. Ni aka kalla.

Na sayo irinsu, Jemima za ta kawo maka idan ta zo hutu. Don Allah kada a jingine su bayan ƙofa. Tsoro nake ji in dawo in same ka a kan tabarmar da na bar ka.

A gaida Hajja da maƙwabta.

'Yarka mai kewarka,
Ni'ima


Freiburg, Jamus
Juma'a

Babana,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wayi gari lafiya, jiki kuma yana ƙara sauƙi.

Hajja ta ba ni labari. Wai sandunan sun kwana biyu a bayan ƙofar kamar yadda na yi tsoro, sannan ran nan da la'asar ka ɗauki ɗaya ka taka har masallacin unguwa. Wai ka tsaya hutawa a hanya, yara suka kewaye ka suna kallon sandar Turawa, kai kuma kana kora su da ita. Na yi kuka a gaban marasa lafiyata, ban ji kunya ba.

Ta kuma ce ɗayar ka sa an kai ɗakina, ka ce mai ita ba ta iso ba tukuna.

Na gane, Baba. Ban taɓa jin nisan ƙasar nan kamar yau ba. Na nemi hutu, an ba ni bayan ƙaramar Sallah. Ka ci gaba da takawa kafin nan, don Muda Lawal za mu, da ƙafa. Wannan karon duk yadda ka tafi a hankali, a bayanka zan tsaya, kuma ba za ka ji mitata ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ni'ima