Na Shafa wa Allon Mijina Man Kaɗanya

Inno, don Allah ki taimake ni, makonni biyu ke nan abinci ba ya mini daɗi. Ki sakaya sunana, don rabin unguwar Rusholme sun san ni.

Ni 'yar Ghana ce, a Ladywood ta Birmingham na girma, aure ya kawo ni Manchester. Maigidana ɗan Gusau ne, yana digiri na uku a jami'a kan ƙasar noma. Mutumin kirki ne, ko keke bai cika son hawa ba. Ƙanena Faizal ne ya ɓata shi. Da ya zo mana Sallah ya nuna masa bidiyon wani wasa wai shi boardercross, inda mutum huɗu ke ɗaure ƙafafunsu a kan allo su gangaro kan dusar ƙanƙara lokaci guda, ga kwana ga tudu. Faizal ya ce ɗan Najeriya ba zai iya ba. Shi ke nan, magana ta zama ta ƙasa da ƙasa.

Washegari maigida ya shigo gida da allon da ake kira snowboard. Bai duba tsawo ba, bai duba nauyinsa ba. Ya zaɓe shi ne don kore da fari ne kamar tutarsu. Da ya tsayar da shi, da ƙyar ya kai masa ƙirji. Ya ɗauki dutsen gugata ya narka kaki a ƙasan allon wai don ya ƙara santsi, ni ban sani ba na goge leshin bikin ƙawata da shi. Na yi kuka, na ɓoye dutsen gugar. Sai ya koma wasa ƙarfen gefen allon, har ya yi kaifin da ya yanke ni a ƙwauri ina shara.

Ga laifina, Inno. Ranar Juma'a yana masallaci, ana gobe gasar 'yan koyo da zai shiga a sabon gidan ƙanƙarar nan na wajen Trafford, na ɗauko dutsen wasa wuƙa na dakushe gefen nan tas. Da na juya allon sai na ga ƙasansa ya yi furu-furu saboda rashin kaki, tausayi ya kama ni, tunda ni na ɓoye dutsen guga. Na ɗebo man kaɗanyar da Mama ta kawo daga Tamale na mulke shi sosai, na mayar cikin jaka. Wallahi da zuciya ɗaya na yi.

Ranar gasar, da aka sake su huɗu, uku suka wuce fuu, har da Faizal. Nawa kuwa yana tahowa a hankali kamar mai rakiyar baƙo. Ashe man kaɗanya daskarewa yake a kan ƙanƙara ya hana allo gudu. Na rufe fuska don kunya. Sai ga ukun nan sun yi karo a kwana ta biyu, sun zube wuri ɗaya. Maigida ya iso a natse, ya kewaye su, har da ɗaga musu hannu, ya zo na ɗaya.

Tun ranar ba mu huta ba. Kofin roba da aka ba shi yana kan talabijin. Ya buga wa mahaifiyarsa waya Gusau, ta yi sadakar ƙosai. Yanzu Faizal ya nemi a sake karawa kusa da Birmingham ranar Asabar ta sama, maigida kuma zai kai allon shago a gyara shi sosai, wai a ƙara masa gudu. Inno, mutumin nan bai taɓa yin gudu a kan allon ba, bai san yadda ake tsayawa ba sai dai allo ya gaji. Saura wata guda ya kare digirinsa gaban malamai. In na faɗa masa, na kashe masa farin cikin da ban taɓa ganin irinsa a fuskarsa ba tun da muka yi aure. In na yi shiru, ina tsoron sai likita ya haɗa mini shi. Ko in sake shafa man a ɓoye?

Matar Zakara, Withington

'Yata Matar Zakara,

Na yi dariya har na share hawaye, sannan na tambayi masu wannan wasa. Kada ki sake shafa man nan. Sun ce dakusasshen gefe ba ya kama ƙanƙara a kwana, rannan Allah ne kawai ya tsare.

Ki faɗa masa yau, bayan ya ci ya ƙoshi. Mai shago zai ji ƙamshin Tamale da zarar ya zuge jakar, kuma gara mijinki ya ji daga bakinki. Kin taɓa kayansa ba da saninsa ba, ki ba shi haƙuri. Shi ma ya ɓata miki leshi ya bar kaifi a hanya, sai ya ba ki naki.

Amma kada ki ce masa bai ci ba. Ya ci. Mutum huɗu suka taso, shi kaɗai ya isa a tsaye, man kaɗanya ba ya riƙe wa mutum ƙafa. Kofin nan halalinsa ne.

Sai ku je shagon tare. A auna nauyinsa a ba shi allon da ya kai tsakanin haɓa da hanci, mai ɗan tauri, ko da launin tutar Ghana ne. A bar wa masu shago wasa gefe. Ya sayi dutsen guga nasa na kaki, da hular kwano, ya ɗauki darasin tsayawa kafin na gudu. Karawa da Faizal kuma a ɗaga ta sai bayan digiri, Birmingham ba za ta gudu ba.

Sauran man ki adana shi da kyau. Ranar da allon ya fara gudu na gaskiya za ki buƙace shi, amma a jikin mai allon za ki shafa.

Allah ya ba shi digiri da ƙasusuwansa cikakku, ya bar ku tare.

Inno