Kada A Ciro Ƙodar Mordecai

Ni Lucia Shekari, mai ɗinki a kasuwar Sabon Gari, ina wannan rubutu a ɗakina a Samaru da cikakken hankalina. Ƙafafuna ne suka kumbura, kaina lafiya lau. Zuwa ga 'ya'yana, Mordecai da Winifred.

Na ɗaya. Likitoci sun ce jikina ya ƙi ƙodar da Mordecai ya ba ni, shi ya sa na koma wankin ƙoda a asibitin Shika. Ban ƙetare maganina ba ko sau ɗaya, ƙodar kuma lafiyayya aka dasa ta. Haka dashe yake, wani ya daɗe, wani jiki ya gaji da shi. Winifred, kin ce a gwada taki. Na ƙi. Kina da goyo, ni kuwa zuciyata ba za ta sake ɗaukar wuƙa ba. Kada ki ƙara zuwa wurin likita a bayan idona.

Na biyu. Keken ɗinkina da shago na Winifred ne. Filina na unguwar Dogarawa na Mordecai. Zannuwana a kai wa zumuntar mata ta majami'armu.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki biro. Na ji abin da gwaggonku ke yawo da shi, wai in aka binne ni da ƙodar ɗana zan ja shi ya biyo ni, don haka a ciro ta kafin a rufe akwati. Kai! Ni da na yi naƙudarsa ce zan ja shi kabari? Tun da maganar ta shiga kunnenka, Mordecai, ka daina shigowa ɗakina, sai dai ka gaishe ni daga bakin ƙofa. Ka daina zuwa awon ƙodarka ɗaya da ta rage. Matarka Oluwatoyin ta ce ƙwayar ciwon jiki kake saya a kemis kana haɗiya kamar gyaɗa. Wannan ne zai ja ka, ɗana, kuma shi nake tsoro. Ka koma asibiti, ka rage gishiri. Oluwatoyin, na ba ki izini ki yi masa tsiya a madadina.

Kana ganin kyautarka ta tafi a banza, na sani. Gaskiya na sha wuya. Maganin ya sa mini ciwon suga, fuskata ta kumbura, mura kaɗan sai gado, na riƙa zuwa majami'a da takunkumi ina zama can baya. Amma da ƙodar nan na sha ruwa har na ƙoshi, bayan an daɗe ana auna mini a murfin kwalba. Da ita na ɗinka wa Winifred kayan aure, na goya 'yarka Stephanie.

Na huɗu. Kada ku yi faɗa da gwaggonku a wurin biso, tsoro ne ke damunta. Ku ba ta kujera a gaba, amma kada kowa ya taɓa gawata.

Ubangiji ya sa muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ku riƙa cin tuwon Lahadi a gida ɗaya ko da kun yi fushi da juna.

Mordecai, ƙodarka ta zauna a cikina fiye da yadda kai ka zauna, kuma ban taɓa gajiya da ita ba. Ka bar mini ita. Ka shigo ɗaki tun ina nan.