Sarkin Barewa da Ɗan Akuyar Bubayaro

Potiskum, 24 ga Mayu, 1956

Zuwa ga maigidana Malam Halliru, tashar jirgin ƙasa, Nguru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya zafin Nguru? Ka gaishe min da abokan ɗakinka duka. Mahaifiyarka Iya Meram tana lafiya, sai ƙafar nan tata. Ka ga amfanin ajin yaƙi da jahilci: sunan da bakina ba zai iya faɗa ba, ga shi hannuna ya rubuta ba ko kunya. Ina da labari, amma sai ka yi haƙuri in bi da kai ta hanyar da na biyo.

Na koma aikina na asibiti, wankin zannuwa da riƙe wa Sista Birijit kwano. Zaman gida ya ishe ni, ko'ina na duba sai in ga wurin da Aisarmu take kwanciya. Yau kwana talatin da uku da rasuwarta. Nonon bai ƙafe ba har yanzu, Iya ta ba ni jiƙo na sha, a banza.

Ranar Litinin Bubayaro, mai kiwon nan na hanyar Danchuwa, ya shigo da jariri a naɗe cikin rigarsa. Wai akuyarsa ce ta ƙi barin gindin wata tsamiya, da ya je koro ta sai ya tarar da mace ta cika, ga yaro a gefenta yana motsi. Cikin masu tafiya Makka a ƙasa take. An bi ayarin har Damagum, suka ce a hanya ta haɗu da su, ba sa jin yarenta, ba su san garinsu ba. Kwana biyu Bubayaro yana kama akuyar yana sa wa yaron nono a baki, da haka ya rayu.

Madarar gwangwani ba ta zama a cikinsa, ramewa yake yi. Sista ta ce in ba a sami mai shayar da shi a nan ba zuwa ƙarshen watan gobe, mota za ta kai shi gidan marayu can kudu. Ka gane inda na dosa. Na tambayi liman, Malam Muhammadu Lawan, ya ce nonon da ke jikina naka ne, in yaron ya sha ya zama ɗanka na shayarwa, don haka sai da yardarka. Sista ma sai ta ga sa hannunka a takarda. Ban ba shi ba, wallahi, amma in yana kuka fita nake yi in tsaya bayan ɗakin wanki.

Ina jiran amsarka ta hannun Shehu direba. Wassalam.

Taka, Ummuhani.

Potiskum, 3 ga Yuni, 1956

Maigida, salamu alaikum. Ina fata kana lafiya, zazzaɓin nan bai sake waiwayo ka ba. Shehu ya kawo sabulu da goron Iya, mun gode, amma na zazzage ƙunshin har ƙasa ban ga takarda ba.

Iya ta ƙi. Ta ce yaro ba asali, ba a san ubansa ba balle kakansa, ran da ya tashi neman aure me za a ce wa masu bincike? Na je aiki ido a kumbure, Sista ta tsare ni sai na faɗa mata. Ka san Hausarta, rabi da baki rabi da hannu. Na ce ku Ingilishi ba ruwanku da asali. Ashe na yi ɓaranɓarama. Fuskarta ta yi ja, ta ce ita ba Ingilishi ba ce, ƙasarsu tsibiri ne daban, Ailan, kuma su ma Ingilishi sun daɗe suna mulkinsu. Ni da nake zaton Turawa duk gari ɗaya ne.

Ta ɗauko taswira cikin akwatinta ta nuna min. Ta ce a da can ƙasarsu sarakuna ne barkatai, kowane dangi da nasa, nasu yankin kuwa ana ce masa Osori. Kogi ɗaya ta gabas, Baro, kogi ɗaya ta kudu, Shur, ga duwatsu ta arewa, abin da ke tsakani shi ne nasu. Ta ce ba shi da wani girma, amma sun yi ɗaruruwan shekaru suna tsaron mashigan nan, manyan sarakuna biyu na matse su hagu da dama. Sai ta ce in san ma'anar sunan: mutanen barewa. Wai kakansu na farko, Angus, cikin garken bareyi aka tsince shi yana jariri, haka ta ji a bakin kakarta. Bareyinsu manya ne, ƙahonsu kamar reshen itace. Na ce ba su jin kunyar a faɗa? Ta yi dariya ta ce taƙama suke yi da shi.

Na kawo wa Iya labarin da ɗuminsa. Tana tsinkar zogale, ba ta ko ɗago ba. Da fari ta ce a tambayi liman ko jikokin Angus ɗin na cin naman barewa. Can kuma ta ce wane irin sarki ne ba ganuwa, sai ruwa. Na zaci shi ke nan. Da na tashi sai ta ce, “Shi wancan ya sami ƙasa tsakanin kogi biyu. Naki fa, ina tasa? Ɗan shayarwa ba ya gado, Ummuhani.”

Maigida, ashe abin da ke cin ta ke nan. Ta ce ta ga irinsu, a rene su da gata, ran da uba ya faɗi a raba gona a bar su tsaye. Yaron yana nan, Bubayaro ya bar mana akuyar a ɗaure bayan asibiti. Saura kwana ashirin da bakwai. Don Allah ka ce wani abu, ko a'a ne.

Taka, Ummuhani.

Potiskum, 14 ga Yuni, 1956

Maigida, gaisuwa mai yawa. Ina fata ruwa ya sauka a wajenku, mu an yi mai ƙarfi ranar Lahadi, har an fara shuka. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta sau huɗu. Ka ce ba za ka tsallake maganar Iya ba, in ta yarda ka yarda, kuma ba za a kira shi ɗan Halliru ba tunda addini ya hana a sauya wa yaro uba. Na ji, ban yi fushi ba. Na dai ga ba ka ce a'a ba.

To ga abin da ya faru. Ranar Talata Iya ta ce in raka ta asibiti a duba mata ƙafa. Ƙafar da shekara uku tana cewa Bature ba zai taɓa ta ba. Da muka shiga ba ta bi ta kan ƙafa ba, ta ce wa Sista a nuna mata takardar ƙasar nan. Ta sa yatsa tana bin kogin, tana tambaya: ana noma a ciki? Me ake shukawa? Wa ya tsaya shaida ran da aka ba kakan nasu ƙasar? Sista ta ce labari bai faɗi shaidu ba, wasu ma cewa suke da yaƙi ya ci ƙasar. Iya ta ce shi ya sa aka yi ta matse su, ƙasa ba shaidu ai rigima ce.

Daga nan ta ce a miƙo mata yaron. Ta juya shi, ta duba tafin ƙafarsa da bayan kunnensa, ta ce uwarsa ta yi tafiya mai nisa da shi. Shi kuwa ya kama bakin gyalenta yana tsotsa.

Jiya da hantsi ta sa aka kira liman da mai unguwa da Bubayaro, muka tafi gonarta ta hanyar Danchuwa, wadda ta gada wajen mahaifinta. Ita a kan jaki, ni ina biye. Ta yanki gefen gabas, daga kukar nan mai kogo zuwa bakin kwari, ta ce ta ba yaron kyauta tun tana da rai, su shaida. Liman ya ce kyauta ba ta tabbata sai an karɓa, jariri kuwa ba ya karɓa, sai mai riƙonsa. Iya ta ce ai mai riƙonsa yana Nguru, kafin ya zo matarsa ta kama fartanya. Na sara ƙasa sau uku. Muka dasa gamba a kan iyaka, ƙasar da laushi saboda ruwan Lahadi. Na san cikin abin da zai zo maka wata rana aka yanka, shi ya sa nake faɗa maka dalla-dalla.

Ga takardar Sista nan cikin ambulan, wurin sa hannun na yi masa alama da gawayi. Ka zaɓo masa suna kuma, mun gaji da ce masa ɗan akuya.

Taka, Ummuhani.

Potiskum, 26 ga Yuni, 1956

Maigida, assalamu alaikum. Ya gajiyar aiki? Takarda ta iso ranar Juma'a da sa hannunka da sunan da ka zaɓa wa yaron, Ayuba, na gode, Allah ya saka. A gaban Sista na zauna na ba Ayuba nono. Ya sha har ya yi barci bai saki ba. Na yi kuka kaɗan, na Aisa ne, ya wuce. Motar kudu za ta tafi ba tare da shi ba.

Sista ta zana masa taswirar gonarsa a bayan katin awo: ga kuka, ga kwari, ga layin gamba. Ta ce ta fi tasu Osori samun shaidu. Iya ta karɓa ta adana cikin kwallarta. Akuyar kuma mun mayar wa Bubayaro, ya rantse ba zai sayar da ita ba.

Abin da zai ba ka dariya, Iya ce yanzu mai ba da labarin. Duk matar da ta shigo barka sai ta zaunar da ita. Ranar Asabar akuya ɗaya ce. Ranar Lahadi sun zama uku, suna yi masa inuwa. Jiya ina daka na ji tana gaya wa Fanna mai ƙosai wai wata barewa ce ta fara tsayawa a kansa kafin akuyoyin su iso. Na gaya wa Sista, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ƙila nasu ma da akuya ya fara.

Ni dai na rubuta na gaskiyar a takarda, da tsamiyar da ranar da sunan Bubayaro, na haɗa da katin. Ran da masu bincike suka zo, sai ya zaɓi wanda zai ba su.

Kai ma in za ka rubuto, gaya min, kakanku da ya taso daga Borno, me ya fito da shi? Na tambayi Iya sau biyu, ta ba ni labari biyu.

Ayuba yana gaishe ka. Sai ka zo Babbar Salla ka ga iyakar gonarsa, gambar ta kama.

Taka har kullum, Ummuhani.