Inna Ta Toshe Tagar Ɗakin Wasila

Hajiya Hanatu, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Da wayar maƙwabciyata nake rubuto miki daga Wonaka.

Kwana tara ke nan da rasuwar ƙanen mijina, Zaharaddeen. Ya dawo daga kasuwar Tsafe da ciwon kai, kwana biyu aka kai shi makwanci. Kafin ya cika, wuyansa ya sandare, kansa ya lanƙwashe baya kamar ana jan sa ta ƙeya.

Jiya da tsakar rana na aiki 'yata Wasila, mai shekara tara, ɗebo ruwa. Hanyar ta bi ta gindin tsamiyar da yake yawan zama. Ta dawo jiki kamar garwashi, sai amai. Yanzu ko haske ya taɓa idonta sai ta ƙwalla ƙara, kanta ya koma baya, idonta na kan rufin ɗaki. Surukata Inna ta ce baffanta take gani, shi ke kiranta, don ita ya fi so a gidan. Ta sa an toshe taga da tsumma da laka, ana ta turare, mu tara muna zaune a ɗakin don kada a bar yarinyar ita kaɗai da shi. Ƙoƙo ɗaya muke zagayawa da rubutu. Mijina ya ce a kai ta Gusau, Inna ta ce in aka fito da ita rana ta gan ta, shi ke nan.

Hajiya, ni na aike ta. Tsoro nake ji, har na fara jin kamar akwai mutum na goma a ɗakin. Me zan yi?

Uwar Wasila

Uwar Wasila, Allah ya jiƙan Zaharaddeen. Mamaci ba ya kiran kowa. Alamun da kika lissafa na sanƙarau ne: ƙwayar cuta ce ke kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya, shi ya sa wuya ke sandarewa, ido ya ƙi haske. Ta tari da atishawa da yawu ake ɗauka, ta fi yawa lokacin zafi, inda aka cunkushe. Tsamiya ba ruwanta, aikenki ma haka. Wasila ta fi kowa kusa da baffanta, mai yiwuwa a nan ta ɗauka.

Ba zan ga laifin Inna ba. Uwa ce da ta binne ɗa, tana ƙoƙarin tare ƙofa kada a sake ɗaukar mata wani. Sai dai mutum na goman da kike ji yana nan da gaske, cutar ce, kuma toshe taga da ƙoƙo ɗaya su suka ba ta wurin zama. A buɗe tagar, kowa ya sha a ƙoƙonsa. Addu'a a ci gaba da yi, ba ta hana allura. Duk wanda ya zauna a ɗakin ya je asibiti a duba shi, a tambayi maganin kariya da rigakafi.

Masu karatu, wannan ciwo ba ya jiran jarida, don haka ban jira ba. Ina ganin saƙon na kira lambar maƙwabciyar, aka kai wa Inna wayar, na roƙe ta ta bari a lulluɓe wa yarinyar fuska da mayafi a fito da ita. Ta yarda. A ranar aka fara yi wa Wasila allura a Gusau. Yau kwana shida, tana shan kunu, amma kunnenta na hagu ya daina ji, likita ya ce ba lalle ya dawo ba.

Uwar Wasila, ki riƙa zama ta damanta in za ki yi mata magana. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya tsare sauran gidan.

Hajiya Hanatu