Mutumin da ke cikin hoton

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma lafiya, kin sami maigidan da yara lafiya. Tunda wayarki kullum tana cikin taro, na ce bari in koma wa takarda, in ba direba ya miƙo miki.

Wallahi Yaya zuwanki ya yi mini daɗi. Har yau maƙwabta tsiya suke mini, wai babbar malama mai koya wa mutane tsara rayuwa ta zauna a shagon gyaran keken ɗinki har man inji ya ɓata mata mayafi. Hoton nan da kika ɗauke ni a kan bencin marigayi Baba, ina dariya, don Allah ki wanko mini ɗaya. Na kuma tuna tambayarki, wai me nake so in zama nan da shekara biyar. Amsar tana nan yadda na ba ki: in da rai, ina so in kasance a nan kusa da taga, inda iska ke shigowa. A kawo keke yana kuka, a ɗauke shi yana waƙa, in sha shayina, in koma gida. Me kuma ya rage?

Ya 'yar taki? Na damƙa miki 'yar tawa don karatu, ban ce ki kwashe mata surutu ba. Kwanan nan in na kira ta, daga "eh Baba" sai "a'a Baba". Na ce zan zo in ga taron nan naki da take taya ki aiki, sai ta ce in bari tukuna. Ko lafiya?

Ki gaishe da kowa.
Autanki.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, kowa lafiya.

Yarinya tana nan ƙalau. Girma take yi, shi ya sa ka ji ta rage zuba. Yanzu ta san abin da take so da ranar da za ta cim masa, abin da na yi ta fama da kai a kai tun kana ƙarami ban ci nasara ba. Mutumin da bai sa wa kansa buri ba, wasu ne za su tsara masa rayuwa. Kai kana kiran abinka kwanciyar hankali, ni kuma ka san sunan da nake kiransa.

Maganar zuwa, ka dakata. Taron na masu rajista ne, kuma ba zai yi maka daɗi ba. Hoto zan duba.

Yayarka.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na zauna zan rubuta miki sau da yawa, ina yage takardar.

Kin san telar nan mai ɗinkin kayan makaranta da ke bayan layinmu. Ƙungiyarsu ta tura ta taronki. Jiya ta kawo kekenta, ta tsaya tana kame-kame, ta kasa haɗa ido da ni. Da na matsa mata, ta ce da hotona kike buɗe darasi. A kashe fitilu, in fito a bango ƙato, ina washe baki a kan bencin Baba. Sai ki ce: "Ku kalli wannan bawan Allah. Inda ubansa ya bar shi, nan mutuwa za ta same shi. Wa yake so ya zama shi?" Daga nan ki maimaita maganata ta taga da iska, har da kwaikwayon muryata, ɗaki ya kwashe da dariya.

Ashe zuwan da kika yi ba zumunci ba ne, kayan aiki kika zo ɗiba. Ni kuma sakarai na share shago, na sa sabuwar riga, na yi ta ba maƙwabta labari. Da kin tambaye ni, wataƙila ma in ce ki ɗauka, don ban taɓa hana ki komai ba. Lokacin da kike bin burinki gari-gari, wannan marar burin ne yake juya Inna a kan gado, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba, don ina jin daɗin zama da ita. Yau ne na ji an cuce ni.

Abu ɗaya nake so ki faɗa mini. 'Yata tana cikin ɗakin?

Ƙaninki.

*

Auta,

Na ga abin da ka rubuta. Ka cika ɗaukar abu da zafi. Ban ambaci sunanka ba, ban ce ƙanina ne ba. Kuma ka san mutum nawa wannan hoton ya tayar daga barci? Akwai wadda ta buɗe shago na biyu saboda shi. In ka duba da kyau, karon farko ke nan da zamanka ya amfani wani.

Ban faɗi ƙarya ba. Kana da hannun da za ka buɗe kamfani, ka zaɓi taga. Abin yana mini ciwo tun da daɗewa, kai ne ba ka sani ba. In gaskiya ta yi maka ɗaci, wataƙila ita ce za ta motsa ka.

Maganar yarinya, ka tambaye ta da kanka.

Yayarka.

*

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Umma. Gwaggo ta ce ka ji komai.

Baba, ba a cikin ɗakin kawai nake ba. Ni ce nake danna na'urar da ke fito da hoton. Ranar farko ban san abin da ke ciki ba, da na gan ka na fita bayi na yi kuka. Gwaggo ta ce in ba zan iya jure wannan ba, ba zan kai ko'ina ba. Sai na jure. A hankali na daina jin komai, har na fara ganin kamar tana da gaskiya.

Makon jiya wata mata ta kalli bango, ta kalle ni, ta ce, "Ke, kun yi kama da mutumin nan, kin san shi?" Na ce ban san shi ba.

Shi ya sa ba na iya hira da kai a waya. Ina son karatuna, ina son abin da na sa a gaba, amma ban san yadda zan dube ka ba. Ka yafe mini.

'Yarka.

*

Yaya,

Salam. Yarinya ta rubuto. Na ce mata ta ci gaba da karatunta, ba ni da komai a zuciya game da ita.

Kin tambaye ni me nake so nan da shekara biyar, na yi dariya. Yau ina da amsa. Ina so wata rana a nuna ni a cikin mutane, 'yata ta ce, "Babana ne." A da ina da wannan a kyauta, ban ma san abin nema ba ne sai da kika ɗauke shi. To ga shi kin yi nasara, na sami buri. Ki ƙara shi a darasinki.

Hoton da na ce ki wanko mini kuma ki bar shi, ba na so.

Ki huta lafiya.
Mai gyaran keken ɗinki.