Hancina Ya Mutu, Baba Bai Sani Ba

Anti Ishbel, don Allah ki taimake ni. A tsibirinmu na Islay duk wanda na faɗa wa damuwata, maganar za ta riga ni isa gida.

Giyar wiski muke yi a gidanmu tun zamanin kakana, na sha'ir zalla, ba gauraye. Aikina shinshinawa da ɗanɗanawa, in ce wannan gangar ta nuna, waccan a ƙara mata shekara. Saboda hancina Baba ya ba ni aikin ya hana yayana Ruaridh. Shi kuwa ya yi zuciya ya koma birnin Glasgow, yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

To, tun wata muguwar mura da na yi a hunturun bara ban sake jin ƙamshin komai ba. In kai kofi hanci, kamar ruwan famfo. A baki ma zafi kawai. Baƙi su zo, in tsaya gabansu ina cewa ga hayaƙi, ga zuma, ga ɗan gishirin teku daga ƙarshe, su lumshe ido suna gyaɗa kai. Hadda ce kawai nake biyawa, in koma bayan ganguna in yi kuka.

Yanzu Baba ya ce in zaɓi gangar da za a zuba a kwalabe da sunan marigayiya Mama, cikin waɗanda ta cika da hannunta. Kullum sai ya leƙo yana tsokanata, wai 'yar Baba, hancin nan zai yanke hukunci ko sai na bi uwarki? In na faɗa, zai ga ya rasa ɗansa a banza. In na yi shiru, laluben makaho zan yi da sunan mahaifiyata. Tafiya ma ba hali, ni ke kula da shi.

Wadda ta rasa mafita, daga Islay

'Yata, ki fara da likita, ko da sai kin tsallaka babban gari. Jin ƙamshi yakan dawo wa wasu a hankali, amma ban yi miki alkawari ba.

Tsoronki yana da dalili, maganar za ta yi wa babanki ciwo. Sai dai mutumin da ya tsufa cikin ganguna zai gane da kurɓa ɗaya in aka yi kuskure, ranar kuwa ciwon biyu ne. Ki faɗa masa cikin makon nan, a gida, ku biyu kawai. Rashin lafiya ce ta same ki, ba laifi kika yi ba.

Sannan ki kira Ruaridh, shi ma uwarsa ce. Ya shinshina, Baba ya ɗanɗana, ke da kika san tarihin kowace ganga ki yi musu jagora. Wataƙila ya fara da baƙar magana. Ki jure, ki sake kira.

Kin daɗe kina ɗauke da wannan kaya ke kaɗai, ya isa haka. Allah ya ba ki lafiya, ya sassauta zukatansu.