Shagon Baba Mai Burodi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi, kada ki gaya mata.

Na ga hoton da kika aiko. Kina tsaye a kwanar gidanmu kina murmushi, amma a bayanki shagon Baba Mai Burodi ya koma wurin sayar da waya. Sai da na matsa wa mijinki kafin ya ce Baba ya rasu tun bara. Haba Yaya!

Mutumin da zai tsaga burodi ya cika shi da ƙwai da albasa, ya ce, "Zauna, Dogo, ba a cin burodina a tsaye." A nan kuwa aikina ke nan, cusa nama mai sanyi cikin burodi, awa goma a tsaye, ban taɓa ganin fuskar mai ci ba. Kullum ina lallashin kaina da cewa zan dawo in ci nasa.

Ki je ki yi wa matarsa gaisuwa a madadina. Allah Ya jiƙan sa. Kuma don Allah ku daina tausaya min da ɓoye-ɓoye. Duk wanda ya mutu, ku gaya min.

Ƙaninki,
Dogo